Shekarata ta farko a ƙarƙashin Mudir a Doha

Na sauka a filin jirgin saman Hamad da ke Doha a watan Agusta na 2016 da takardar ɗaukar aiki a matsayin injiniyan gine-gine, kuma tun kafin in kai ga motar kamfani tururin zafi ya rufe mini tabarau. Makonnin farko sun ƙare a gwajin lafiya da ɗaukar hoton yatsu da jiran katin zama, domin a Katar sai da wannan kati mutum zai buɗe asusun banki ko ya kama hayar gida.

An tura ni wajen ginin wani dogon bene a Lusail, sabon birnin da ake ginawa a arewacin Doha. A can na fara jin kalmar Mudir, wato manajan aikin, wadda leburori 'yan Nepal da magina 'yan Indiya da injiniyoyi Misirawa duk suke furtawa da ɗan sassauta murya. Na yi zaton zan ga mutum yana tsaye a kan ma'aikata yana daka tsawa. Sai na tarar da dattijo mai ƙarancin magana, wanda yake zagaya wurin sau ɗaya da sassafe sanye da hular kwano, sannan ya koma ofishinsa na kwantena ya wuni tsakanin jadawalin aiki da takardun kwangila da tarurruka. Ban taɓa ganin ya taɓa bulo ba, amma shi ne yake amsa tambayar mai gini idan an makara, shi ne yake bin kuɗin ƙananan 'yan kwangila, kuma idan wani ya faɗo daga kan gini sunansa za a fara kira.

Ban fahimci nauyin kujerarsa ba sai da na yi kuskure. Wata rana wakilin masu sa ido a kan aikin ya ce mini a ƙara rodi a wasu ginshiƙai, ni kuwa da na saba ɗaukar maganar babba a matsayin hujja, na sa aka ƙara. Da lokacin biya ya zo, aka ce babu umarni a rubuce, kamfaninmu ya ɗauki asarar rodin da kuma ta kwana uku na aiki. Mudir ya kira ni, ya zuba mini shayin karak da hannunsa, ya ce, "Injiniya, a wannan wuri duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba." Raina ya sosu, don a ganina neman sa hannun mutum bayan ya yi maka magana baki da baki tamkar ƙaryata shi ne. Ya ɗauke ni watanni kafin in yarda cewa inda mutane daga ƙasashe da yawa suke aiki tare, kowa da irin fahimtarsa, takarda ce kaɗai yaren da duka suke ji.

Yanayin ƙasar ma yana cikin lissafinsa. A wancan lokaci doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 11:30 na safe zuwa 3 na yamma a tsakiyar bazara, daga baya a 2021 aka faɗaɗa hanin zuwa ƙarfe 10 zuwa 3:30, daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Saboda haka da dare muke zuba kankare, a haɗa shi da ƙanƙara don kada zafi ya sa ya tsage. A watan azumi kuma awa shida ake aiki. Duk wannan sai ya sa shi a jadawali tun kafin lokacin ya zo, domin kwangilar ta tanadi tara a kan kowace ranar jinkiri.

Ranar 5 ga Yunin 2017 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar, aka rufe iyakar Abu Samra, wadda ita ce kaɗai hanyar mota zuwa ƙasar. Mu baƙi hankalinmu ya tafi kan kantuna da kiran waya daga gida. Mudir kuwa a ranar ya aika wa mai gini takardar sanarwa cewa jinkirin da zai biyo baya ba laifin kamfani ba ne, ya tara mu, muka ware ayyukan da za su iya ci gaba da kayan da ke ƙasa, sannan ya sa aka nemi tsakuwa da sauran kaya ta hanyar Oman. Ni ya ɗora wa ƙirga rodin da ya rage a sito, kuma da na kawo masa adadin bayan la'asar, na miƙa masa a rubuce da kwanan wata da sa hannun mai kula da siton. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce in zo taron safe da babban jadawali.