A tsakar filin Globe ɗan wasa ya dube ni ido cikin ido

Tikitin tsayuwa na saya a gidan wasan kwaikwayo na Shakespeare's Globe da ke bakin kogin Thames a Landan, don shi ne mafi araha. Wajen mutum 700 ke tsayawa a tsakar fili gaban dandamali, babu kujera, babu rufi, kuma ba a zama a ƙasa, ba a buɗe lema. Duk wannan na sani kafin in je. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne 'yan wasan suna ganina.

Na saba da zauren da ake kashe fitilu, mai kallo ya ɓuya cikin duhu. A nan hasken rana ɗaya ne a kan kowa. Ina jingine da bakin dandamali, takalmin ɗan wasa daf da fuskata, sai kawai ya tsuguna, ya kafe ni da ido, ya jefo mini tambayar da ke cikin zancensa, ya yi shiru yana jira. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Wallahi gabana ya faɗi. Na gyaɗa kai, filin ya ɗauki dariya, shi kuma ya ɗora a kan amsata.

Tun a makaranta nake ɗaukar dogayen jawaban da ɗan wasa ke yi shi kaɗai a matsayin zancen zuci. Ashe da mutane yake magana, mutanen da yake gani. Don irin wannan fili aka rubuta su. Ƙungiyar 'yan wasa ta Lord Chamberlain's Men, wadda marubucin wasannin kwaikwayo William Shakespeare ke da hannun jari a cikinta, ita ta gina Globe na farko a 1599. Ya ƙone a 1613 da aka harba igwa ana tsakiyar wasan Henry VIII, wuta ta kama jinka. Aka sake ginawa a 1614, aka rufe a 1642. Wannan na yanzu kuwa naci ne na Sam Wanamaker, ɗan wasa Ba'amurke da ya shafe sama da shekara 20 yana fafutukar gina shi, ya rasu a 1993 bai ga buɗewarsa a 1997 ba. Da itacen oak da jinka aka yi shi, aka bar tsakiya a buɗe, kuma sai da aka dube ni ɗin nan na gane amfanin hakan.

In za ka je, kada ka sayi kujera a zuwan farko. Zaɓi wasan rana, ka je da wuri ka bi layi don ka sami bakin dandamali, nan ne ke da wurin jingina. Ka sa takalmi mai taushi, ka riƙe rigar ruwa, don ruwan sama ba ya tsayar da wasa. Ƙafa za ta yi tsami, babu shakka. Kuma in ya tambaye ka, ka ba shi amsa, kada ka sunkuyar da kai.