Wasiƙa daga Faransa: abin da kashin maƙera ke tonawa a cikin tsohon ƙarfe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, sanyin nan ba ya barin yatsa ya daɗe a kan rubutu. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga wajenku: wai yaya ake duban tsohon ƙarfe a gane irin tamar da aka yi shi da ita? Zan amsa, in kuma taɓa batun gano shekaru idan wuri ya rage.

Yawancin masu ƙona tama na zamanin da ba sa narkar da ƙarfen kansa. Murhunsu na kaiwa wajen digiri 1,200 a ma'aunin Celsius, shi kuwa ƙarfe sai a 1,538 yake zama ruwa. Abin da ke narkewa shi ne dattin: ƙasar tama, tokar gawayi da yumɓun bangon murhu. Wannan ne kashin maƙera. Komai dukan da dunƙulen ya sha a kan uwar maƙera, kashin ba ya fita duka, ragowarsa na miƙewa a ciki kamar zare. Waɗannan ɗigo-ɗigon kashi da suka rage su ake aunawa.

Amma kafin awo akwai takardu, kuma nan ne haƙuri ke ƙarewa. Wannan bincike sai an yanki ƙarfen, ma'aikatan gidan tarihi kuwa ba sa son jin kalmar yanka. Za a nemi hoton kayan ta kowace fuska, da zanen inda zarto zai bi, da faɗin yankan a milimita, da dalilin da ya sa ba za a wadatu da kallon waje ba, da inda za a ajiye ɗan guntun bayan an gama. Kwamiti zai zauna, ya dawo da tambaya, a sake cike fom. Da ban haushi, amma suna da gaskiya: guntun da ba a san daga ina aka yanko shi ba, awonsa banza ne.

Idan izini ya fito, sai a binne guntun a cikin ƙaron roba, a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai lamba 4000, a ƙarasa da garin daimon na mikron 3 sannan 1 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Da ruwan etanol ake wankewa, domin ruwan famfo na kawo tsatsa nan take. Kada a zuba ruwan nital mai fito da zanen ƙarfe sai an gama awo, yana ɓata fuskar kashin.

Na'urar SEM-EDS, mai ƙara girman ƙananan abubuwa tana kuma auna sinadaran da ke cikinsu, ita ce ke fara aiki, yawanci a kan kilobolt 15. Ba a wadatuwa da ɗigo biyar ko goma, gommai ake aunawa, wani lokaci ɗaruruwa. Abin lura shi ne sinadaran da murhu ba ya iya mayarwa ƙarfe: MgO, Al2O3, SiO2, K2O da CaO, wato haɗin oksijin da magnesium, aluminium, silicon, potassium da calcium. Yawan kowanne na hawa da sauka daga ɗigo zuwa ɗigo, amma idan aka raba ɗaya da ɗaya, kamar Al2O3 da SiO2, amsar na tsayawa wuri guda muddin tama, gawayi da yumɓu iri ɗaya ne. Masu bincike biyu, Dillmann da L'Héritier, sun kafa wannan hanya a 2007 kan ƙarafan gine-ginen Faransa na da.

Kuskure ta hanya uku yake shigowa. Ɗigon da ya cika ƙanƙanta yakan nuna FeO, wato haɗin ƙarfe da oksijin, fiye da gaskiya, saboda hasken na'urar ya taɓo ƙarfen gefe. Duka kuma na farfasa kashin, wani ɓalli ya zama fayalit (wani ma'adini a cikin kashin) zalla, wani gilas zalla. Na uku ya fi yaudara: maƙeri na yayyafa yashi idan zai haɗa ƙarfe biyu a wuta, sai ɗigon layin haɗin su cika da SiO2, sinadarin yashi. Wanda bai ware su ba, labarin yashin maƙeri zai bayar, yana zaton na tama ne.

Don neman asali ana ƙarawa da wata na'ura, LA-ICP-MS, mai auna sinadaran da ba su kai kashi ɗaya cikin dubu ba, sai dai tana son manyan ɗigo. Ko da ita, cewa "ba daga can ba ne" ya fi sauƙi a kan cewa "daga nan ne", domin tama biyu masu nisa na iya kama da juna.

Batun shekaru kuwa, daga kabon, wato sinadarin gawayi, da ke cikin ƙarfen ake samu. Haka aka gano cewa wasu ƙarafan ɗaure duwatsu na cocin Notre-Dame da ke birnin Paris, da aka bincika bayan gobarar 2019, na shekarun 1160 ne.

Abin da ya sa aikin ke tafiya a nan shi ne an daɗe ana tara kashin murhu daga wurare sanannu don kwatantawa. In kun ci karo da tsohon tulin kashi, ku sanar da masu kula da kayan tarihi kafin a kwashe shi. Tsohon ƙarfe kuma kada a kankare, kada a shafa masa mai. A sa shi a busasshiyar leda, a rubuta wuri, zurfi da kwanan wata a jiki. Maganar fosfaras da ginshiƙin ƙarfe na Delhi sai wasiƙa ta gaba.