Shekara tara da harshen aro a ɗakin labarai

A makon jiya na miƙa makullin ofis bayan shekara tara ina karanta labarai a wani gidan rediyo a nan Sakkwato, amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne tun a watana na biyu. Ina cikin karanta labaran ƙarfe bakwai sai harshena ya suɓuce, na ce "gwamna ya hwaɗi". Shugaban sashenmu, wanda ya samu horo a Kaduna, ya jira sai da ɗakin ya cika, sannan ya sa aka maimaita wurin har sau uku, ya tambaye ni ko na ɗauka a kasuwar Sabon Birni nake. Aka fashe da dariya, ni kuma na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yallaɓai."

Ba na musun cewa daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan Kananci kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939, ita ce ƙa'idar aikinmu. Sai dai abin da mutumin ya cusa mini jin kunyar bakin gidanmu ne. Da na je gida hutun Sallah, Inna ta ce, "Mi kaka so in dahwa ma?" Ban san sa'ad da na ce mata "dafa" ake cewa ba. Ta ajiye ludayi ta dube ni, kuma tun daga ranar, in muna mu biyu, Malam take kirana.

A Sabon Birni ba wanda ya taɓa ce mini Bagobiri. Sai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tsagen fuskata ya jawo mini sunan, har abokai na tsokanata da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir na dā, a 1808, kamar da ni aka yi yaƙin. A Kano na zama Basakkwace, a Ibadan wurin hidimar ƙasa na zama Aboki. Duk na amsa, domin ba a shawarce ni ba kafin a raɗa.

Sauran darussan ba su da yawa. Ka duba fassararka sau biyu, kuma kada ka gyara wa sabon ma'aikaci magana a bainar jama'a, abin da ban taɓa yi ba ko sau ɗaya.

A walimar bankwana shugaban ya miƙe ya yabe ni, ya ce duk mai saurarona ba zai iya gane daga ina na fito ba, jama'a kuma suka tafa.