Tarihin da ake takawa da ƙafa

Duk malamin tarihi da ya daɗe a sakandare ya san yadda ɗalibai ke karɓar darasin juyin mulkin 1966. Suna haddacewa tsaf: daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ranar jarrabawa su juye maka shi ba ko tuntuɓe. Amma ka tambayi yaro a ina abin ya faru, sai ka ga yana kallon rufin aji, wai shi labarin wata duniya ake ba shi. Alhali a Zariya yake zaune, tsakaninsa da inda aka harbi Sardauna kilomita 80 ne ko kusa da haka, ƙila ma yayansa yana karatu a jami'ar da ke ɗauke da sunan mamacin.

Wannan ne ya sa ni da wani abokin aikina muka fara fita da 'yan ajin ƙarshe, mu taka wuraren da ƙafa. Ba daga Kaduna muke farawa ba, duk da can ne jinin ya zuba. Daga nan gida muke farawa, ta Titin Gaskiya, a bakin ƙofar Kwalejin Barewa.

Abu na farko da tsayuwa a wurin ke tilasta wa malami shi ne ya daidaita maganarsa. A aji kana iya cewa "Sardauna ɗan Barewa ne" ka wuce. A gaban ginin kuwa, dole wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wane aji ya zauna?" Sai ka yi bayani: bai zauna a ko ɗaya ba. A Katsina makarantar take lokacin da shi da Tafawa Ɓalewa suka yi ta. An mayar da ita Kaduna a 1938, ta iso Zariya a 1949, sunan Barewa kuma sai a 1971 ta same shi. Waɗanda suka zauna a waɗannan azuzuwan su ne irin su Yakubu Gowon da Murtala Muhammed. Daga nan sai in bar su su yi lissafin da kansu. Makaranta guda ta yaye Firimiyan da aka kashe a Kaduna, da Firayim Ministan da aka ɗauke daga gidansa a Legas aka kashe, da Birgediya Zakariya Maimalari wanda shi ma ya rasa ransa a daren. Ita ta yaye Gowon wanda mulki ya faɗo hannunsa a ranar 1 ga Agusta 1966, ita ta yaye Murtala wanda ya gaje shi a Yulin 1975, aka kuma harbe shi a cikin motarsa a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976. Sai yaro ya tsaya a gaban ƙofa guda ya ji duk sunayen nan sun fito daga rajista guda kafin ya gane cewa mutanen da suka riƙe ƙasar nan a lokacin 'yan kaɗan ne, kuma sun san juna.

Daga nan mu miƙa Wusasa. Tafiyar ba ta gajiyar da saurayi, ni ce take ɗan taɓa wa gwiwa. Nan Gowon ya tashi, ɗan mai wa'azin mishan, asalinsu Angas na ƙasar Filato, Hausa a bakinsa kamar ta kowane Bazazzagi. Ba mu daɗewa. Barikin Depot kuwa, inda ake horar da kuratan soja tun 1924, da makarantar soja ta yara da aka buɗe a 1954, daga nesa muke nuna su, kuma kafin mu isa nake karɓe wayoyin ɗalibai, don ba a ɗaukar hoton bariki, ni kuma ba ni da niyyar kwana ina ba da bayani. Abin da nake so su riƙe a nan shi ne gwamnatin Arewa da kanta ta riƙa kwaɗaitar da 'yan sakandare su shiga soja, kuma daga 1961 aka ware wa Arewa rabin guraben ɗaukar hafsoshi. Siyasa ta riga ta shiga bariki tun kafin bariki ya shigo siyasa da bindiga.

Ranar zuwa Kaduna daban ce. Mota ke kai mu, amma ba ta sauke mu a ƙofar Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna, ba. Wajen tsohon mazaunin NDA, kwalejin horar da hafsoshin soja, muke sauka, mu gangaro Titin Ali Akilu da ƙafa har Titin Rabah. Ba wai muna bin sawun sojojin taku bayan taku ba ne. Tazarar nake so su auna da jikinsu. Nzeogwu babban malami ne a kwalejin horar da sojoji ta Kaduna, kuma da sunan atisayen dare, wanda aka laƙaba wa suna Damisa, ya fitar da sojoji da makamai ba tare da an zargi komai ba. Idan yaro ya karanta "sojoji suka kai hari gidan Firimiya", abin da ke zuwa ransa shi ne runduna daga wata uwa duniya. Idan ya taka hanyar kuma ya ga ko gumi bai gama yi ba ya iso, sai tambayarsa ta canza. Wata ɗaliba ce ta faɗe ta a fili: "Malam, ashe maƙwabta ne?"

Maƙwabta ne. Wannan shi ne babban abin da aikin nan ya koya mini, kuma ban same shi a takarda ba. A Kaduna aka haifi Nzeogwu a 1937, a Kaduna ya yi sakandare, a kwalejin St. John's wadda ake kira Rimi yanzu, yana jin Hausa, abokan aikinsa ne ma suka liƙa masa sunan garin. Birgediya Samuel Ademulegun, wanda aka harbe tare da matarsa a ɗakin kwanansu a wannan dare, shi ne kwamandan birged ɗin Kaduna, wato ubangidan waɗanda suka shigo masa. Kanar Ralph Shodeinde ma a Kaduna aka kashe shi a daren. Da yawa daga ƙananan sojojin da aka kwasa 'yan Arewa ne, an ce musu atisaye za a yi. Ba baƙi ne suka zo daga nesa ba. Mutane ne da suka san wace ƙofa ce ta gaba, wace ce ta baya.

A harabar Gidan Arewa nakan rage magana. Wurin yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, cibiyar adana takardun tarihi da bincike ce tun 1970, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarta, akwai ɗakin karatu da ɗakin kayan tarihi. Kafin mu shiga kallo nakan tara su in tuna musu lokacin. Sanyin hunturu ne, tsakar dare, kuma cikin goman ƙarshe na watan Ramadan. Sardauna bai daɗe da dawowa daga Umra ba. A ranar Juma'ar Firimiyan Yamma, Samuel Akintola, ya zo Kaduna ya gana da shi, ya koma Ibadan, shi ma bai ga wayewar gari ba. An harba wa gidan makamin fasa tanka har ya kama da wuta. An kashe Sardauna a ɓangaren iyalinsa, uwargidansa Hafsatu ta rasu tare da shi, haka dogarinsa Zarumi. Nakan nace a kan sunayen nan biyu, domin a amsar jarrabawa ba mai rubuta su, alhali su ne suka tsaya a lokacin da tsayuwa ke nufin mutuwa. Sai mu yi musu addu'a. Ɗalibanmu Kirista su ma su yi tasu. Hoto kuwa sai an fito, kuma ban yarda a yi wa wurin irin tsayuwar da ake yi a gidan biki ba.

Akwai wahalar da ban zata ba a aikin nan, ita ce ta dattawa. Da zarar an ga malami da ɗalibai suna nune-nune, sai wani ya matso. Kowa na da labari, kuma rabin masu labarin a bakin ƙofar gidan suke a daren, in ka yarda da su. Wani ya ce harsashi ba ya cin Sardauna sai da ya cire abin da ke jikinsa da kansa. Wani ya kawo maganar ƙarshe da ya furta, kalma bayan kalma, gobe wani ya kawo wata daban. Ba na ƙaryata dattijo a gaban yara, wannan rashin kunya ne. Abin da na koya wa ɗalibai shi ne tambaya guda cikin ladabi: "Baba, a ina kake a lokacin?" Amsar kan raba abin da mutum ya gani da abin da ya ji. Wani tsoho a Tudun Wadan Zariya da muka tambaya ya yi dariya ya ce shi kam yana nan gida, abin da ya sani kawai rediyon Kaduna ya canza murya, kasuwa ta watse, manya suka yi cirko-cirko. A wurina wannan ɗan guntun ya fi dogon labarin layu daraja. Labarin layun ma ba a yar da shi, ana rubuta shi a wani shafi daban, domin yana nuna irin girman da mutumin ke da shi a zukatan jama'a, har suka kasa yarda cewa ƙarfe kawai ya isa ya kai shi ƙasa.

Sai tambayar da ba ta taɓa fashi ba, galibi a mota kan hanyar dawowa: "Malam, su waye suka kashe shi?" Mai tambayar ya riga ya san amsar da yake so, sunan ƙabila yake jira, don ita ya saba ji a gida da majalisa. Ni kuwa sunayen mutane nake ba shi: Nzeogwu, Timothy Onwuatuegwu, Emmanuel Ifeajuna, Adewale Ademoyega. Ba na ɓoye cewa akasarin manjojin Ibo ne, ba na ɓoye cewa ba a taɓa manyan 'yan siyasar Gabas ba, alhali Arewa ta rasa Firimiyanta da Firayim Minista da manyan hafsoshinta, Maimalari da Kur Muhammed da Abogo Largema da James Pam. Wanda ya share wannan don neman zaman lafiya ya yi wa yara ƙarya, kuma za su gane. Amma Ademoyega Bayarabe ne, Laftanar Kanar Arthur Unegbe da aka kashe a Legas Ibo ne, kuma mai sayar da kayan gyaran keke a Sabon Gari ba a yi shawara da shi ba.

Shi ya sa tafiyar ba ta ƙarewa a Titin Rabah. Kashi na ƙarshe a Sabon Garin Zariya muke yin sa, kuma shi ne mafi nauyi a gare ni. Ranar 24 ga Mayu 1966 Janar Aguiyi Ironsi, wanda ya karɓi mulki bayan juyin Janairu, ya fitar da doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin yankuna ta mayar da mulki dunƙule. Kwanaki kaɗan bayan haka zanga-zangar "a raba" ta ɓarke, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru na cikin na gaba-gaba, ta rikiɗe ta zama kisan 'yan Gabas a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi a Ibadan. A Satumba da Oktoba kisan ya dawo fiye da na farko, dubbai suka mutu, waɗanda suka tsira suka yi tururuwa zuwa Gabas, da yawa ta jirgin ƙasa. Mukan tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Zariya. Masu shayi na harkarsu, 'yan acaɓa na kiran fasinja, ba wanda zai ce maka wani abu ya taɓa faruwa a nan. Gidan Firimiya ya samu cibiyar bincike da ma'aikata da littafin baƙi. Waɗannan kuwa sai malami ya buɗe baki kafin yaro ya san an yi su. Wasu iyaye ba sa son wannan kashin, wani uba ya taɓa zuwa har makaranta ya ce in tsaya a kan abin da aka yi mana. Na ba shi wurin zama, na ce Alhaji, da "mana" da "muka" duk a shekara guda suke, ɗanka kuma zai yi hidimar ƙasa a Inugu ko Abakaliki wata rana, gara ya je da labarin cikakke. Bai gamsu ba, amma bai hana yaron zuwa ba.

Aikin da nake ba su bayan an dawo ba insha'i ba ne. Taswira ce, da hannu, kowa ya zana hanyar da ya taka, ya sa sunan wanda ya rayu ko ya mutu a kowane wuri, da shekara. Wanda ya rubuta sunan ƙabila a inda ya kamata ya sa sunan mutum, nakan mayar masa ya sake.

Saura wuri guda da har yanzu muke jayayya a kansa da abokin aikina. Nzeogwu ya mutu a Yulin 1967 kusa da Nsukka, yana yaƙi a ɓangaren Biyafara, kuma Gowon ya ba da umarni aka kawo gawarsa Kaduna aka binne ta a maƙabartar sojoji da cikakkiyar karramawar soja. Abokina ya ce kai yara can tamkar girmama shi ne, kuma ba zai iya kallon idon iyaye ba. Ni kuma na ce ɗalibin da ya tsaya a Wusasa ya tsaya a Titin Rabah ya cancanci ya san cewa yaron Wusasa ne ya sa aka binne wanda ya kashe Sardauna a gari guda da inda ya yi kisan, ya kuma tambayi kansa dalili. Mun dai rubuta takardar neman izini, mu biyu muka sa hannu, shi da sharaɗin cewa in an amince ni zan shiga da su, shi zai jira a mota.