Kafin Bakanike Ya Cire Maka Tamostat: Abin da Ke Sa Mota Ɗaukar Zafi a Bazara

Daga tsakiyar Maris har faɗuwar ruwan farko, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ko ta Gusau zuwa Sakkwato zai ga motoci a gefen titi, bonet a ɗage, direba na tsiyaya fiya wata a lagireto. A watan Afrilu zafin rana a Sakkwato, Nguru, Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40. Idan irin wannan motar ta isa gareji, maganin da aka saba yi mata biyu ne: a zare tamostat a jefar, a kuma ɗaura fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Hujjar kuwa ita ce wai motar Kwatano ce, don ƙasar ƙanƙara aka ƙera ta. Amma Corolla da Camry da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai, inda zafin bai gaza namu ba, duk da tamostat ɗinsu suke fitowa daga kamfani. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Inji ba sanyi yake so ba. So yake ya zauna a zafi guda, wajen digiri 85 zuwa 100. A nan ne fistin da ringi suke cika gidansu daidai, baƙin mai ya yi laushin da zai ratsa ko'ina, fetur ya ƙone ƙurmus. Tamostat ƴar ƙofa ce mai kaki a cikinta. Da safe tana rufe, ruwa na kewaya cikin inji kaɗai har ya yi ɗumi. Kakin na narkewa sai ya kumbura ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto. A injin 1ZZ na Corolla 2003 zuwa 2008, da 2AZ na Camry ɗin da ake kira Big Daddy, tana fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 84, ta gama buɗewa a 95. Shi ya sa za ka ga lamba 82 a buge a jikinta. Ke nan a ranar bazara, mota na tafe, ƙofar nan a wangale take. Lafiyayyar tamostat ba ta tare komai a lokacin da ake zarginta.

Idan aka cire ta, asarar a hankali take shigowa, shi ya sa mai mota ba ya haɗa ta da aikin bakanike. Akwai sensa da ke gaya wa kwamfutar mota zafin ruwa. Muddin ta ce inji bai yi ɗumi ba, kwamfutar za ta yi ta ƙara fetur kamar yanzu aka tayar da motar. Mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya gangara ta gefen ringi ya tsinka baƙin mai, sauran ya bi salansa ya dafa matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. Da sanyin hunturu a Jos ko Zariya, irin wannan motar tana iya yin tafiyar awa guda allurar zafi ba ta bar ƙasa ba. Motoci da yawa sukan kunna fitilar inji a dashbod, in aka sa na'ura ta nuna lamba P0128, wato ruwa bai kai zafin da ya kamata ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A injina da yawa tamostat na da faifai na biyu a gindinta, wanda ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Babu tamostat, hanyar nan a buɗe take har abada, wani ɓangare na ruwan zafi yana ta zagaye a ciki. Sai ka ga motar da aka cire wa tamostat don maganin zafi tana sanyi a gari, amma ta tafasa a hawan tudu da kaya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Tamostat takan lalace, wannan gaskiya ne. Takan maƙale a rufe. Gane hakan ba wuya. A sa ta a tukunyar ruwa a ɗora a wuta: kafin ruwan ya tafasa ya kamata a ga ta buɗe da kamar santimita ɗaya, in an sauke ta huce ta rufe ruf. Wadda ta ƙi, a sayi sabuwa mai lamba irin tata. Wajen ɗaurawa a motocin Toyota, ɗan ƙaramin ramin nan mai ƙarfe na lilo sama yake kallo, don ta nan iska ke fita.

Abu mafi araha a duk tsarin shi ne murfin lagireto, kuma shi aka fi rainawa. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa. Murfin yana riƙe matsi a ciki, kamar tukunyar nan mai datse tururi, sai tafasar ta koma wajen 120. In kulant ne, wato ruwan magani mai launi da ake zuba wa lagireto, rabi da rabi da ruwa, ta haura 125. Duba saman murfin, za ka ga 0.9 ko 1.1, matsin da yake riƙewa ke nan, kuma irinsa za ka saya. Robarsa na tsagewa ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai fara tafasa tun inji yana kan zafinsa na ƙa'ida, ya tunkuɗo ta robar ajiya, wato ƴar tankin roba da ke karɓar rarar ruwan lagireto, ya zube a titi. Kullum ana ƙara ruwa, ba a ga inda yake yoyo ba. Murfin na da wani ƙaramin bawul a tsakiya da ke barin ruwa ya dawo daga robar ajiya idan inji ya huce. Alamar ya maƙale ita ce da safe ka tarar tiyon sama ya lotse, robar ajiya a cike, lagireto kuma da saura. Don haka kallon robar kaɗai ba ya wadatarwa. A buɗe murfin a leƙa, amma sai da safe kafin a tayar.

Sai ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa. Farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar shayi, shi ne ke taruwa a siraran bututun lagireto, ya toshe su ɗaya bayan ɗaya. Tsatsa kuma ta ci fukafukan famfon ruwa har ya koma yana juyawa ba ya tura komai. Kulant ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana da maganin tsatsa, yana kuma kare alminiyon da aka yi kan silinda da shi. Na Toyota mai ruwan hoda a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa; kamfanin ya ce canjin farko a kilomita 160,000, daga nan duk 80,000. Ja mai kauri shi ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, kuma shekara biyu ake canza shi. Na Honda shuɗi ne. Launi dai ba shaida ba ne, kasuwa cike take da ruwan da aka rina aka ɗura a galan, don haka a karanta jikin galan ɗin, kuma kada a gauraya iri biyu. Corolla da Camry masu silinda huɗu suna shan lita 6 zuwa 7. Kulant yana da zaƙi kuma guba ne. Wanda aka juye kada a bar shi a kwano inda yara ko awaki za su kai baki. Ɗanyen ƙwai ko garin barkono da ake zubawa don toshe yoyo, ba yoyon kaɗai suke toshewa ba.

Ƙurar hunturu ita ce ke shirya wa bazara aiki. A gaban lagireto akwai kwandensa ta AC, tsakaninsu da ɗan rata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura, ciyayi, ƙwari da guntayen leda suna cika ratar nan har su zama kamar tabarma, daga waje kuma ba a gani. Haska tocila daga ɓangaren inji. In hasken bai fito ta gaba ba, iska ma ba ta wucewa. A wanke daga ciki zuwa waje da tiyo mai sauƙin ƙarfi, inji a sanyaye. Injin feshin masu wankin mota yana kwantar da siraran fukafukan alminiyon, ya bar matsalar ta fi da. Robar da ke kewaye da fanka ma ba ado ba ce, ita ke tilasta iska ta ratsa lagireto. In ta fashe a mayar da wata.

Lokacin da motar ke ɗaukar zafi shi ke nuna mai laifi. In a cunkoso allura ke hawa, ta sauka da an hau babban titi, matsalar iska ce: fanka, fis, rile, ko ƙura. Gwaji mai sauƙi, kunna AC mota na tsaye. A yawancin motocin nan fanka za ta tashi nan take. In ba ta tashi ba, mai rewaya ya fara da fis da rile kafin ya taɓa ɗan injin lantarkin da ke juya fankar. Ba tare da AC ba, fanka ba ta tashi sai ruwa ya kusa digiri 95 zuwa 100, don haka ganin ta a tsaye ba laifi ba ne. In kuma a gari lafiya lau, sai an daɗe ana taka totur a hanya zafi ya taso, to ruwa ne ba ya gudu sosai: lagireto ya toshe ta ciki ko famfo ya gaji. Famfon da ya fara mutuwa yakan bar busasshen ɓawo mai launin kulant a ƙarƙashinsa, ko ya riƙa gurnani. In kuwa minti goma da tayarwa allura ta haye, tiyon ƙasa da sanyi ƙalau, wannan ce ranar da tamostat ke da laifi. Lagireto mai layi biyu da ake yawan sa mutane su saya ba shi da aibi, sai dai ba ya gyara fankar da ta mutu.

Allurar dashbod kanta tana da ɓoye-ɓoye. A motocin zamani an tsara ta ta zauna a tsakiya ko zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, saboda haka in ka ga ta motsa sama, abin ya riga ya yi nisa. Wasu ƙananan motoci irin Yaris da Honda Jazz ba su da allurar ma, sai fitila shuɗiya ta sanyi da ja ta zafi. Ƴar na'urar OBD2 da ake cusawa a ƙarƙashin sitiyari tana nuna ainihin zafin a waya, lamba da lamba. Duk motar Amurka daga 1996 tana da ramin. Mafi haɗari shi ne idan ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya: sensa ba ta cikin ruwa, allura na iya komawa ƙasa alhali inji na ƙonewa. Hita da ke busa iska mai sanyi bayan inji ya yi zafi alama ce ta ruwa ya yi ƙasa.

Allura ta doshi ja kana tafe, kashe AC, kunna hita har ƙarshe, sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi daga inji. Nemi wuri ka tsaya. In ka ga tururi, kashe motar nan take. Kada ka taɓa murfin sai bayan aƙalla minti 30, sannan da tsumma mai kauri, ka murɗa kaɗan iska ta fita tukuna. Kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya lanƙwasa ko tsaga kan silinda. A injin 1ZZ, lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 ta fita daga ƙa'ida, abin da ido ba zai gani ba. Alamun tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, ya ƙone su ne farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi da ba ya ɗaukewa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa. A mota mai giyar otomatik, in ka ga kulant ya yi kauri ya haɗu da jan mai, bututun man giya da ke cikin lagireto ne ya fashe. A canza lagireton da man giyar tare, kada a ci gaba da tafiya.

Bayan kowane aiki da aka zubar da ruwa, sai an fitar da iska, in ba haka ba motar da aka gyara za ta sake tafasa a hanyar gida. A tsayar da ita gabanta ya ɗan ɗaga, a murɗa hita zuwa zafi, a zuba kulant a hankali har bakin lagireto. A tayar da murfin a buɗe, ana matsa tiyon sama da hannu, ana cikawa duk lokacin da ruwan ya faɗa. Tamostat na buɗewa za ka ga ruwan ya sauka gaba ɗaya, tiyon ƙasa ya ɗau zafi. A jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, a rufe murfin, a cika robar ajiya zuwa layin sama. Washegari da safe a sake leƙawa; raguwar kofi ɗaya ko biyu iskar da ta rage ce ta fita. In kwana uku a jere ana ƙarawa, akwai yoyo, sai a sa famfon gwajin matsi a bakin lagireto a bi tiyo-tiyo da kilif ɗinsu har a ga inda yake ɗiga.