Ina Ruwan Zai Bi?

Mun tare a gidanmu a watan Mayu na 2022, bayan shekara goma sha ɗaya muna haya a cikin birnin Kano. Filin yana can bayan Rijiyar Zaki. Na saye shi tun unguwar ba ta cika ba, na kuma gina shi yadda yawancin ma'aikata ke gini: albashi ya shigo a sayi siminti buhu biyar, adashi ya fito a buga bulo ɗari uku, sannan a yi wata huɗu ba a ɗora ko ɗaya ba. Daren da muka fara kwana a ciki, ɗaki biyu babu fenti, ƙofar kicin labule ce. Duk da haka na yi barcin da ban taɓa yin irinsa a gidan haya ba, don na san babu mai buga mini ƙofa a ƙarshen shekara ya ce an ƙara kuɗi.

Kwana uku da tarewa Hajiya, mahaifiyata, ta zo ganin gida. Ta bi ɗaki-ɗaki tana sa albarka. Da ta fito tsakar gida sai ta tsaya, ta dubi daɓen siminti, ta ɗaga kai ta dubi bakin kwano, ta ce, "To, ina ruwan zai bi?" Na nuna mata ɗan bututun da birkila ya bari a gindin katanga. Ta sunkuya ta leƙa shi, ta ce, "Wannan ai ko ruwan wanke-wanke sai ya yi layi." Na ce birkila ya tabbatar mini ya isa. Ba ta ja maganar ba, ta ce Allah ya sa alheri. Hajiya a gidan ƙasa ta tashi, mai soro da azara, inda duk shekara kafin damina ake yaɓe a gyara indararo, wanda ya yi sakaci kuwa rufin ɗaki ya sauko masa. Idonta ya saba bin hanyar ruwa tun babu ruwan.

Ruwan kirki na farko ya zo a watan Yuni, wajen ƙarfe ɗaya na dare. Aka fara da iska da ƙura, aka ɗauke wuta, sannan ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Maiɗakina ce ta tashe ni: "Malam, ka ji kamar ana ɗiga a falo?" Na haska tocila na ga silin ya yi taswira, ruwa yana ɗiga wuri uku, ɗaya a kan kujerar da muka gama biyan kuɗinta a makon. Kafin in ce a kawo roba, yara ukun nan duk sun farka. Babban ya kawo bokiti, ta tsakiya ta kawo tukunyar miya da sauran miyar kuka a ciki, autarmu mai shekara huɗu ta kawo kofin shayinta, ta tsaya ƙarƙashin ɗigon ta riƙe shi da hannu biyu, ta ƙi yarda kowa ya karɓa.

Falon ashe wasa ne. Da na buɗe ƙofar tsakar gida na tarar ruwa ya kai idon sawu, kuma maimakon ya nufi bututun Hajiya, kicin ya nufa, ya ɗaga labulen ya shige. Silifas ɗin gidan gaba ɗaya suna yawo a kai, da butoci biyu, da murfin kula, da tsintsiya. Auta ta ajiye kofinta ta hau tafi tana cewa, "Baba, jiragen ruwa!" Ta shiga raba wa kowane takalmi sunan mai shi, ta ce na Mama ya riga na Yaya isa. Muka kwashe buhun shinkafa da na gero muka ɗora kan tebur, ni da babban yaron muka kama kwarfar ruwa da bokiti har aka kira assalatu. Da safe na zura hannu a bututun na ciro leda uku da dunƙulen siminti da ya daskare tun lokacin aiki.

Washegari na kira wani tsohon birkila da liman ya haɗa ni da shi. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce a ba shi bokiti biyu na ruwa, ya sheƙa a tsakiyar daɓen, muka tsaya muna kallo ruwan ya gangara kicin da ƙafarsa. Ya ce, "Alhaji, ka ga shaida. Da an yi haka ranar da aka yi daɓen, da magana ta ƙare tun siminti yana ɗanye." Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Gwajin da ba ya cin ko sisi, na bar shi ya ci mini siminti buhu shida da yashi da kuɗin aiki. Ya fasa daɓen, ya ɗaure zare ya fitar da gangare zuwa katanga, ya cire bututu mai inci 2 ya sa mai inci 4. Shi ya fahimtar da ni cewa mai inci 4 ruwan da yake ɗauka ya ninka na mai inci 2 sau huɗu ne, ba sau biyu ba, don faɗin bakin ake lissafawa. Ya sa ragar ƙarfe a bakin saboda leda da ɓera.

Rufin kuwa wani kafinta ya hau ya kira ni in hau tsani in gani da idona. Kwano yana da tudu da kwari, ruwa kuma a kwarin yake gudu, saboda haka a kan tudu ake buga kusa, kusar ma mai hula da roba a ƙarƙashinta. Wanda ya yi mana rufin ya bar wa yaransa ɓangaren falo, suka yi ta buga kusa a kwari, kowace kusa ta zama ƙofar ruwa. A wasu wuraren kuma an ɗora kwano a kan kwano da ƙyar, don a rage yawan fallen da za a saya. A nan ba zan ɗora masa laifin duka ba. Ni na matsa masa a kan farashi, shi kuma ya rage inda ba zan gani ba. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na ƙaro falle takwas da kusa mai hula, aka liƙe tsofaffin ramukan da kwalta. Tun daga ranar, duk mai aikin da ya rage mini kuɗi da sauri, sai na tambaye shi me zai rage a aikin.

Ba mu gama farfaɗowa ba Babbar Sallah ta ƙarato. A shekarar ta faɗo ranar Asabar, 9 ga Yuli. Wannan ce layyar farko a gidan kaina, na kuwa ci burinta. A gidan haya ragonmu a wajen mai kiwo yake kwana sai safiyar Sallah, yanzu kuwa ga tsakar gida. Na sayo shi ranar Talata, fari mai baƙin wuya, ƙahonsa ya yi nadi guda. Da yake sabon daɓe ne babu inda za a kafa turke, na ɗaure igiyarsa a ƙarfen da tankin ruwa ke zaune a kai.

Ranar farko ya cinye zogalen da maiɗakina ta dasa a tsohon bokitin fenti, ya bar mata tsinke uku. Rana ta biyu ya ja littafin lissafin ta tsakiya daga kan tabarma ya cinye aikin gidan da aka ba ta, ta yi ta kuka tana cewa malama ba za ta yarda ba, sai da na rubuta takarda na sa hannu na haɗa da ragowar bangon littafin mai shaidar haƙori. Rana ta uku da la'asar ya hango kansa a gilashin ƙofar falo. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya zabura. Igiyar ba ta kai shi gilashin ba, amma a zagayen da ya yi ta naɗe bututun roba da ke saukowa daga tanki, ta tsinke shi daga sama.

Tankinmu lita 2000 ne, wato jarka tamanin ta 'yan garuwa mai lita 25, kuma a ranar aka cika shi saboda hidimar Sallah. Ruwa ya yi tsiri ya sauko kan ragon, ragon ya hau kuka, yara suka hau ihu, maiɗakina ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana cewa a rufe, a rufe. Babu abin rufewa. Mai famfon da ya haɗa mana ruwa ya sa makulli a banɗaki da kicin, bai sa a gindin tanki ba. Babban yaron ya hau ƙarfen ya toshe bakin da tafin hannu, ruwan ya fita ta tsakanin yatsunsa ya wanke shi tas. A ƙarshe totuwar masara muka naɗe da leda muka cusa, bayan fiye da rabin tankin ya tafi. Abin da ya sanyaya mini rai ɗaya ne: ruwan duk ya bi sabon gangaren ya fita ta bututu mai inci 4, ko ɗigo bai shiga kicin ba. Auta ta ce ai rago wankan Sallah ya yi. Ranar yanka ita ta fi kowa kuka, ta ƙi cin naman har sai da ƙamshin soyayyen ya cika gidan, sannan ta ce a ba ta kaɗan, amma ba na wuyansa ba.

Makullin da ya kamata a sa a gindin tankin bai kai kuɗin dusar da ragon ya ci ba. Na sa shi, na tara kowa har auta na nuna musu yadda ake murɗa shi. Na kuma sa an binne zoben ƙarfe a kusurwar da babu bututu babu gilashi, domin ragon baɗi.

Na ɗauka da wucewar damina mun rabu da ruwa. Cikin hunturu, ƙarshen Janairun 2023, auta ta shigo ɗakinmu da tsakar dare tana jan bargo ta ce, "Baba, damina ta dawo." Na kasa kunne na ji shaaa a tsakar gida, ga sanyi yana ratsa ƙashi. Rijiya muke da ita, da injin jan ruwa da ake cewa sumo. Da yamma an kunna shi, aka ɗauke wuta, kowa ya manta bai kashe ba. Da aka dawo da wutar cikin dare ya ci gaba da aikinsa, tanki ya cika ya yi ta ambaliya. Ina fita maƙwabcina yana buga ƙofa da rawani har hanci: "Malam, lafiya? Ruwanku ya iso ƙofar gidana, na ce ko bututu ne ya fashe." Na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, amma in duba injin, don idan rijiya ta ƙafe yana juyawa babu ruwa ƙonewa zai yi. Allah ya taimaka bai ƙone ba.

Maganinsa wata 'yar na'ura ce mai iyo a cikin tanki, ruwa na kaiwa sama ta kashe injin da kanta. Mai famfon da ya zo sa ta ya zo ne a farkon Fabrairu, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani. Ya gama aiki kafin azahar. Babu tsaba a hannuna, na tura masa ta waya, kuɗin suka fita daga wajena suka ƙi isa wajensa. Ya ce zai ɗan jira. Ya yi azahar da mu, ya ci shinkafa da wake. Ya yi la'asar, ya gyara famfon banɗaki da ke ɗiga ba tare da an sa shi ba. Bayan magariba yana cin tuwo wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ce, "Alhamdu lillahi, sun shigo," ya ƙarasa tuwonsa. Yau shi ne mai famfon gidanmu, yara suna ce masa Kawu.

Akwai ƙananan da ba sa ƙirguwa. Gara ta cinye katakon ƙofar sito ta bar fenti kawai a tsaye, sai da ta tsakiya ta jingina hannunta ya shige. Auta ta kulle kanta a banɗaki, muka yi rabin awa muna koya mata murɗa makulli ta ƙasan ƙofa, ita kuwa tana ba mu labarin wani ƙadangare da ke kallonta ta taga. A gidan haya duk irin wannan waya nake ɗauka in kira mai gida, in yi fushi idan ya yi jinkiri. Yanzu na gane nauyin da bawan Allah nan yake ɗauke da shi, har na je na gaishe shi da Sallah. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta duk abin da aka gyara, da ranar, da kuɗin, da lambar wanda ya yi. Duk wata kuma ina ware wani abu daga albashi da sunan gida, ko babu abin da ya lalace, domin na lura gyara ya fi son zuwa a makon da ake biyan kuɗin makaranta.

A watan Mayun 2023, kafin hadari ya fara haɗuwa, na hau tsani na duba kusoshi, na share ragar bututu, na sheƙa bokiti biyu a tsakar gida yara suna kallo. Daren da ruwan farko ya sauka duk muka farka ba wanda ya tashi wani. Na haska silin, a bushe. Na buɗe ƙofa, ruwa yana gudu siriri a gefen katanga yana ficewa. Auta ta leƙo ta ƙarƙashin hannuna da kofinta, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce, "Baba, ina jiragen?" Yayanta ya yago takarda ya naɗa mata guda, ta tsuguna a bakin baranda ta sake shi, ya tafi har ya maƙale a ragar.

Da safe Hajiya ta kira. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "An yi ruwa a wajenku?" Na ce an yi, mai yawa. Ta ce, "Ya bi?" Na ce ya bi, Hajiya. Ta ce, "To madalla. Ba ni autar."