Mantuwa bayan shekara arba'in

Ni malamar makaranta ce, kuma tun da na fara aiki abin da nake taƙama da shi shi ne riƙe sunaye. Ba a cin wata da komawa hutu sai na san kowane yaro a ajina. Bara ina tsaye gaban allo, yarinyar da ke zaune a layin gaba ta ɗaga hannu, na buɗe baki zan kira ta, sunan ya ɓace ɓat. Na san rubutunta, na san inda take da rauni a lissafi, sunan yana bakina amma ya ƙi fitowa. Na ce "ke, ta gaba," na ci gaba da darasi gabana yana faɗuwa.

Duk wanda ya yi jinyar tsoho mai ciwon mantuwa ya san inda tunanina ya tafi. Kakata ta wajen uwa ta kai matsayin da take tambayar 'yar cikinta ko ita wace ce. Daga nan na shiga sa wa kaina ido. In na shiga ɗaki na manta abin da ya kawo ni, sai in ce ga shi nan ya fara. Kaina kullum a ɗaure, kamar hazo ya sauka tsakanina da abin da nake karantawa.

Likitar da na gani ba ta fara da ƙwaƙwalwa ba sam. "Malama, awa nawa kike barci?" ta ce. "Al'adarki fa, tana zuwa daidai? Wane magani kike sha, har wanda kika saya da kanki?" Amsoshin da na ba ta su suka nuna hanya. Al'adata ta fara tsallake wata, zufa tana tayar da ni tsakar dare, ga maganin mura mai sa barci da nake yawan sha. Ta ce irin waɗannan magunguna, kamar Piriton, suna dusashe tunani har washegari. Ta sa aka ɗebi jinina aka duba ƙarancin jini, da bitamin B12, da sukari, da aikin tayirod, ƙullutun nan na wuya wanda in ya yi sanyi mutum ke jin kasala da mantuwa. Duk waɗannan suna da magani, kuma abin yana damuna cewa mutane da yawa suna zaune da tsoro shekara da shekaru ba su taɓa yin gwajin ba.

Yawancin mata suna daina al'ada ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma kafin ta tsaya sinadarin estirojin, wanda ke cikin masu tafiyar da al'adar mace, yana hawa yana sauka ba tsari. Akwai wani dogon bincike a Amurka mai suna SWAN da ya fara bibiyar mata fiye da 3,000 tun 1996. Ya gano cewa a wannan tsakanin mata suna ɗan shan wahalar koyon sabon abu da riƙe shi, amma bayan al'adar ta tsaya abin yakan daidaita. Maza ma ba su tsira ba. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci yana tashi da kai mai nauyi, haka mai ciwon damuwa, haka wasu da suka yi korona.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne da na gane cewa yawancin abin da nake cewa na manta, tun farko bai shiga ba. In na ajiye makulli ina amsa waya, ina kuma lissafin takardun jarrabawar da ban duba ba, hannuna ne ya ajiye shi, hankalina yana wani wuri. A wannan shekarun nauyin yara da na iyaye da na aiki duk a kanmu suke haɗuwa. Tsoron mantuwar shi ma yana cin nasa kason hankalin, sai mantuwar ta ƙaru, tsoron ya ƙaru. Ko shiga ɗaki a manta abin da aka zo nema, masani Gabriel Radvansky ya gwada shi a Jami'ar Notre Dame ta Amurka ya ga cewa ƙetare ƙofa kawai yana sa mutum ya saki abin da ke ransa, kuma ɗalibai matasa ya yi gwajin da su.

Ba ina cewa ciwon mantuwa ƙarya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke ɗauke da shi, amma waɗanda yake kamawa kafin shekara 65 ba su wuce kashi 9 cikin 100 ba. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet kuma ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na masu ciwon suna da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon sukari, shan taba, rashin motsa jiki, zaman kaɗaici da raunin ji. Da dama daga cikinsu a tsakiyar rayuwa ake maganinsu, wato yanzu.

Don haka nake auna jinina a kai a kai, ina tafiyar ƙafa da yamma, waya ba ta kwana kusa da ni, makulli yana da ƙusarsa guda. Ina da ƙaramin littafi da nake rubuta abin da zan yi, ba kuma na jin kunyar buɗe shi a gaban mutane.

Akwai alamun da likitar ta ce kada a jira su. Mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya bayan an ba shi amsa, ko ya ɓata a hanyar da ya saba bi, ko lissafin kuɗin da ya iya ya gagare shi, ko halinsa ya canja har na kusa da shi su fi shi lura. In kuwa ruɗewar farat ɗaya ta zo, baki ya karkace ko magana ta sarƙe ko hannu ya saki, wannan yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, a tafi asibiti nan take.